Ƙyalli ba shi ne inganci ba: yadda ake auna fuskar kayan injin mota da mazuban masana'anta

Me ya sa injin da aka sauke aka sa masa sababbin ringi da metal (ƙarfe mai taushi da sandar inji ke juyawa a kansa), komai na cikinsa yana walƙiya, zai koma hayaƙi da shan baƙin mai bayan 'yan watanni? Kuma ta yaya kamfanin da ya fi shekara ɗari yana ƙera mota zai kira dubban ɗaruruwan motocinsa su dawo gyara a kan abin da ido ba ya iya gani?

Tambaya ta biyu ba misali ba ce. A watan Afrilun 2025 kamfanin General Motors ya kira motoci kusan 600,000 a Amurka, masu injin V8 mai lita 6.2, ƙirar 2021 zuwa 2024, irin su Cadillac Escalade da Chevrolet Tahoe da GMC Yukon. A bayanin da ya miƙa wa hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar, ya ambaci dattin da ya maƙale a hanyoyin mai, ya kuma ambaci karanshaf, wato sandar ƙarfe da fistan ke sa ta juyawa a cikin inji, da awonsa da laushin fuskarsa suka saɓa wa ƙa'ida. Mutane da yawa da suka ji labarin sun ɗauka ana nufin ba a goge ƙarfen ya yi sheƙi ba. Wannan fahimtar ce ke bukatar gyara, domin a harkar inji fuska mafi santsi ba kullum ce ta fi kyau ba. Kowace fuska akwai aikin da aka tsara ta yi, kuma sai an auna ake sanin ko za ta iya.

Me ake nufi da yanayin fuskar ƙarfe?

Babu ƙarfen da ke fitowa daga injin yanka ko na gurza a shafe sumul. Duk abin da ya taɓa shi yana barin sawu: bakin wuƙar yanka, ƙwayoyin dutsen wasa, har da rawar da injin ke yi lokacin aiki. Idan aka faɗaɗa fuskar sau dubbai, tuddai da kwaruruka ake gani. Tsayinsu kuwa da maikiron ake lissafa shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum yana kaiwa maikiron 50 zuwa 100, alhali maganar da ake yi a cikin inji ta maikiron ɗaya ce ko ƙasa da haka.

Masu awo sun kasa abin gida uku. Akwai siffa, wato ko silinda ta yi zagaye sosai, ko fuskar da ya kamata ta miƙe ta lanƙwashe. Akwai igiya, hawa da sauka masu faɗi waɗanda galibi rawar inji ko dutsen gurza maras daidaito ke jawowa. Sai kaushi, ƙananan tuddai da kwaruruka masu kusa da juna. Bayan waɗannan akwai abu na huɗu da ake yawan mantawa da shi: inda sawun ya fuskanta, ko a tsaye, ko a kwance, ko a gicciye.

Ƙyalli yana ba da labarin ɗaya ne kawai daga cikin huɗun. Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin maikiron 0.4 da 0.7, saboda haka idan ƙananan tuddan suka yi ƙasa da wannan sosai, fuska takan zama madubi. Amma madubin nan zai iya kasancewa da igiya, zai iya kasancewa a karkace.

Yadda ake aunawa

Kafin shekarun 1930, farce da ido su ne ma'auni. Ana ajiye ƙarafan samfuri, ma'aikaci ya ja farcensa a kan samfurin, ya ja a kan aikinsa, ya yanke hukunci. Har yau ana sayar da irin waɗannan samfura, kuma suna da amfani a aikin da ba ya bukatar tsanani. A 1933 E. J. Abbott da F. A. Firestone na Jami'ar Michigan suka fito da na'ura mai allura da hanyar fassara abin da ta karanta. A 1941 kamfanin Taylor Hobson da ke Lesta a Ingila ya fito da Talysurf, wadda ta zama abin koyi ga na'urorin da suka biyo baya.

Tsarin bai sauya sosai ba. Allura ce mai bakin daimon, tsininta maikiron 2 ko 5, ana jan ta a hankali a kan ƙarfen da nauyin da bai kai na giram ɗaya ba. Tana hawa tana sauka, na'urar na rubuta motsinta. Daga nan sai a tace layin da aka samu don a raba kaushi da igiya. A yawancin kayan inji ana saita matatar a kan milimita 0.8, a auna zango biyar a jere, jimilla milimita 4.

A nan ne kuskure ke fara shigowa. Idan aka sauya matata daga 0.8 zuwa 0.25, lambar da za ta fito za ta ragu, alhali ƙarfen bai sauya ba. Idan aka ja allurar ta bi tsawon sawu maimakon ta gicciye shi, za ta bi cikin kwari ɗaya ta ba da lamba mai daɗin ji wadda ba gaskiya ba ce. Ƙananan na'urorin hannu kuma suna da takalmi da ke zamewa a kan ƙarfen, kuma wannan takalmin yana bin igiya yana ɓoye ta. Don haka duk wanda ya ce maka "na auna, ya yi daidai" bai gama magana ba sai ya faɗi da wace matata, ta wace fuska, da wace irin na'ura.

Inda lambar Ra ke gazawa

Lambar da kowa ya sani ita ce Ra. Ana ja layin tsakiya a ratsa tuddai da kwaruruka, a auna nisan kowane wuri daga layin ba tare da kula da ko sama yake ko ƙasa ba, a fitar da matsakaici. Tana da sauƙin lissafi, ba ta yawan tsalle daga awo zuwa awo, shi ya sa ta mamaye zanen injiniyoyi. A Amurka ana yawan faɗin ta da maikiro-inci, wato kashi ɗaya cikin miliyan na inci: Ra 32 a can ita ce 0.8 a lissafin maikiron, 16 kuma ita ce 0.4. Rashin sanin wannan kaɗai ya isa ya rikita mai karanta takardar kaya.

Rauninta yana cikin yadda ake lissafa ta. Ka ɗauki fuska mai shimfiɗe wadda ke da tsinaye jefi-jefi suna tsaye a sama. Ka kifa hotonta, ta zama fuska mai shimfiɗe da ke da ramuka jefi-jefi. Ra ɗin su biyun ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. Amma ta farko za ta ci duk ƙarfen da ya gogu da ita cikin sa'o'i kaɗan, ta biyun kuwa za ta ɗauki nauyi a kan shimfiɗarta, ta riƙe mai a cikin ramukanta, ta yi shekaru tana aiki. Lamba ɗaya ta haɗa fuskar da za ta kashe inji da wadda za ta raya shi.

Haka nan tsaga ɗaya mai zurfi tana ɓacewa a cikin matsakaici. Shi ya sa ake ƙara Rz, wadda ke duba tazarar tudu mafi tsayi da kwari mafi zurfi a kowane zango. Ita ma tana da nata tarko: a tsofaffin ƙa'idojin Japan na 1994 Rz na nufin wani lissafi dabam da wanda take nufi a ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 4287 ta 1997. Suna ɗaya, ma'ana biyu, kuma tsofaffin zane-zane suna nan suna yawo a masana'antu.

A ganina, babban laifin ba na Ra ba ne. Lamba ce mai kyau wajen lura da ko injin gurza ya fara sauya hali daga jiya zuwa yau. Laifin na waɗanda suka mayar da ita shaidar cewa kaya zai yi aiki ne.

Cikin silinda: kaushin da ake yi da gangan

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar bangon silinda. Idan ka leƙa silindar da aka gama yi mata honin, wato gurzar ƙarshe da ake yi wa bangonta, yadda ya kamata, ka haska tocila a gicciye, za ka ga siraran layuka suna giccin juna kamar saƙa, daga sama har ƙasa, launin bangon toka-toka ne ba madubi ba. Duwatsun wasa ne suka yi su, suna juyawa suna kuma hawa da sauka a lokaci guda. Kusurwar giccin galibi tana kusa da digiri 45, kodayake kowane mai ƙera inji ko ringi yana da tasa. Idan layukan suka kwanta da yawa, mai yakan taru ya yi yawa, ringi su riƙa karkarwa a kansu. Idan suka miƙe tsaye da yawa, man yakan zurare ƙasa ya bar bangon da ƙishi.

Aikin layukan kamar na kwarin kunya ne a gona, inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke sama. Fistan na kaiwa da komowa sau dubbai a minti, kuma a ƙarshen hawansa, inda zafi da matsi suka fi tsanani, yakan tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido kafin ya juyo. A wannan wurin shimfiɗar mai ta fi sirancewa, kuma abin da ke cikin kwarurukan nan shi ne ke hana ringi cin bango.

A da, ana barin silinda da kaushi, a ce wa mai mota ya lallaɓa injin na wani lokaci har ringi su zauna. Abin da ke faruwa a lokacin shi ne ringin suna aske kawunan tuddai da kansu, ɓarɓashin ƙarfen kuma yana shiga mai. Yanzu masana'antu suna yin askin tun kafin a haɗa injin. Ana fara honin da dutse mai kaushi don a haƙa kwaruruka, sannan a bi da mai laushi na ɗan lokaci kaɗan don a share kawunan tuddai kawai, a bar kwarurukan yadda suke. Sakamakon shi ne fili shimfiɗaɗɗe mai tsagogi.

Irin wannan fuska Ra ba ta iya bayyana ta, sai aka koma ga aikin Abbott da Firestone. Hanyarsu ita ce a yi kamar ana yanka fuskar daga sama zuwa ƙasa, a kowane zurfi a lissafa kashi nawa ne ƙarfe, kashi nawa ne sarari. Daga wannan lissafi ƙa'idar ISO 13565 ta fitar da lambobi uku. Rpk ita ce tsinayen sama da za su gushe da wuri, ana son ta ƙarama. Rk ita ce tsakiyar da za ta ɗauki nauyi tsawon rayuwar injin. Rvk ita ce zurfin kwarurukan da ke riƙe mai. Idan Rvk ta yi yawa injin zai sha mai ya yi shuɗin hayaƙi. Idan ta yi kaɗan bango zai bushe ya kama ringi. Tsakanin biyun ba wata tazara mai yawa ba ce.

Wani abin da lambobi ma ba sa kamawa sosai shi ne ƙarfen da ya naɗe. Idan dutsen honin ya dakushe ko aka matsa shi da ƙarfi, maimakon ya yanka sai ya shafe ƙarfen ya rufe bakin kwaruruka da siraran ɓawo. Sai an duba da madubin faɗaɗawa ake ganinsa, kuma idan injin ya fara aiki ɓawon yana ɓantarewa ya zama abin gurza.

Silindar da ta tsufa takan yi sheƙi kamar madubi a wasu wurare, layukan sun shafe. Wanda bai sani ba zai ce lafiyarta ƙalau. Wannan sheƙin alama ce ta cewa ma'ajiyar mai ta ƙare, kuma sababbin ringi ba za su zauna a kanta ba. Akwai injinan zamani da ake fesa wa bangonsu narkakken ƙarfe a goge shi kusan madubi, kamar tsarin Nanoslide na Mercedes-Benz, amma a can ƙananan ƙofofin da ke jikin fesin ne ke riƙe man. Ma'ajiyar tana nan, siffarta ce ta sauya.

Karanshaf, sil da gasket

A wuyan karanshaf lissafin ya juya. A nan ana son santsi sosai, galibi Ra ta maikiron 0.25 ko ƙasa. Dalili shi ne karanshaf ba ya taɓa metal idan inji na gudu lafiya, yana yawo ne a kan shimfiɗar mai wadda a ƙarƙashin nauyi ba ta wuce 'yan maikiron ba. Masana gogayya suna kwatanta kaurin man da tsayin kaushin fuskokin biyu. Idan man ya ninka kaushin sau uku ko fiye, ƙarfe ba ya haɗuwa da ƙarfe. Idan ya yi ƙasa da kaushin, tsinaye sun fara karo ke nan, kuma metal, da yake shi ne mai taushi, shi ke fara tafiya.

Wannan ne ya sa maganin da General Motors ya bayar ya jawo muhawara. Motocin da suka tsallake bincike an sauya masu mai daga 0W-20 zuwa 0W-40 mai kauri, waɗanda suka faɗi kuma aka gyara ko aka sauya injin. Mai kauri yana ƙara kaurin shimfiɗa, wannan gaskiya ne a kimiyyance. Masu suka kuma suna cewa bai sauya fuskar ƙarfen ba, kuma nasu ma gaskiya ne. Ana nan kuma ana ƙara komawa ga mai marar kauri a duniya don rage shan fetur, abin da ke nufin kuskuren da tsohon inji zai haɗiye, sabo ba zai yafe ba.

A karanshaf na zubabben ƙarfe mai ƙwallayen girafait, har inda aka fuskanta wajen gogewa yana da tasiri. Gurza takan bar ƙananan ƙayoyi a gefen ƙwallayen, kuma dole gogewar ƙarshe ta kwantar da su ta yadda juyawar inji ba za ta tayar da su su karci metal ba.

Wurin da sil ɗin mai, wato zoben robar da ke hana mai yoyo ta gefen shaf, ke zama kuwa yana da nasa sharaɗi. Ƙa'idar Jamus ta DIN 3760 ta sa Ra tsakanin 0.2 da 0.8, wato har ƙasa akwai iyaka, domin leɓen robar yana bukatar ɗan mai a ƙarƙashinsa don kada ya ƙone. Kuma ba a son sawun gurza ya karkata ko kaɗan. Idan ya karkata ya zama kamar zaren kusa, shaf ɗin na juyawa yana tura mai waje. Za a sauya sil sau uku yoyo bai tsaya ba, alhali matsalar tana jikin ƙarfen.

Gasket ɗin kan silinda na zamani, mai falle-fallen ƙarfe, yana bukatar fuska mafi laushi da rashin igiya fiye da tsohon gasket mai taushi wanda ke iya cike ƙananan ramuka.

Mazuban roba: inda madubi ake nema

Gilashin fitilar mota na yanzu roba ce da ake narkawa a tura cikin mazubin ƙarfe da matsi mai ƙarfi. Robar tana kwafe duk abin da ke jikin mazubin, har ƙarcen da ido ba ya gani a kan ƙarfen, kuma za ta maimaita shi a kan kowane kaya da ya fito, ko dubu ɗari ne.

Masana'antar roba ta Amurka ta daɗe da matakan gyaran fuskar mazubi guda 12 da ake kira SPI. Rukunin A gogewa ce da man daimon, B da samfefa, C da dutse, D kuma feshin yashi ko makamancinsa. Mafi ƙololuwa, A-1, tana kaiwa Ra ta kusan maikiron 0.012 zuwa 0.025. Abin lura shi ne matakan sun fi bayyana hanyar da aka bi fiye da sakamakon da aka samu, kuma har yau hannun ƙwararre ne ke yin mafi yawan aikin. Yakan fara da dutse mai kaushi ya sauko mataki-mataki, a kowane mataki yana sauya fuskar gogewa don ya ga ko sawun baya ya gushe, yana wanke komai kafin ya ci gaba, domin ƙwaya ɗaya ta matakin baya za ta mayar da shi farko.

Illolin da ke ɓata irin wannan aiki Ra ba ta ganin su. Yawan gogewa da matsi yana sa fuska ta yi gurmi-gurmi, hoton da ke cikinta ya riƙa rawa duk da tana ƙyalli. Idan ƙarfen yana da datti a cikinsa, gogewa takan tumɓuke shi ta bar ƙananan ramuka, shi ya sa ake sayen ƙarfen da aka sake narkawa aka tace don aikin madubi. Rami ɗaya a fuska mai faɗin tafin hannu ya isa a ƙi karɓar mazubi, kuma da wuya layin allura mai milimita 4 ya faɗa daidai kansa.

Allura ko haske?

Wannan giɓin ne ya kawo na'urorin haske, waɗanda ke ɗaukar taswirar fili gaba ɗaya maimakon layi ɗaya, ba tare da taɓa ƙarfen ba. Ƙa'idar ISO 25178 ce ke tsara su, da lambobi irin su Sa da Sz, takwarorin Ra da Rz a awon fili. Masu goyon bayansu suna cewa suna da sauri, ba sa karce madubi, suna nuna ramuka da alkiblar sawu. Masu riƙe da allura suna cewa haske yakan ruɗe a gangare mai tsanani ko inda ɗigon mai ya rage, kuma tarin bayanan shekaru da dama an gina su ne a kan allura. Duka ɓangarorin suna da hujja, kuma lambobin hanyoyin biyu ba sa zuwa daidai da juna a kan ƙarfe ɗaya, don haka bai kamata a ɗora Sa a gurbin Ra ba.

Har dokar karɓar kaya ma ta sauya. A tsohon tsari ana karɓar kaya idan awon da ya wuce iyaka bai haura kashi 16 cikin ɗari ba. Sabuwar ƙa'idar ISO 21920 ta 2021 ta mayar da asali ya zama babu awo ko ɗaya da zai wuce iyaka, sai dai idan an rubuta akasin haka. Mai ƙera kaya da mai saye za su iya duba sakamako ɗaya, ɗaya ya ce ya wuce, ɗaya ya ce ya faɗi, kowa da ƙa'idar da yake riƙe da ita.

Abin da ya shafi mai mota

Mai mota ba zai sayi na'urar awo ba, amma shi ne ke biyan kuɗin fuskar da ba a yi daidai ba, ta hanyar ƙarin mai, hayaƙi, yoyo, da sauke inji karo na biyu. Idan za a sa sababbin ringi, ya kamata ya tambaya ko za a yi wa silinda honin, kuma da wane dutse, domin ringi masu rufin kurom da masu rufin moli, wato ƙarfen molibdinam, ba kaushi ɗaya suke so ba, kuma masu ƙera ringin suna rubuta abin da suke bukata. Idan an gurza karanshaf, ya tambaya ko an goge shi bayan gurzar. Idan an aske kan silinda, a gaya wa mai askin irin gasket ɗin da za a sa tun kafin ya fara.

Sai wanki bayan honin, wanda ya fi komai sauƙi kuma aka fi yi wa sakaci. Ƙwayoyin dutse suna maƙalewa a cikin kwarurukan nan, kuma fetur ko kananzir ba sa fitar da su yadda ya kamata. Ana wanke silindar da ruwan zafi da sabulu da buroshi, a busar da ita nan take, a shafa mai, sannan a goga farin ƙyalle a ciki. Idan ƙyallen ya fito da toka-toka, a sake wankewa.